Free Fire, PUBG Mobile ko Call of Duty Mobile: wane lissafin maki ya dace da wayarka da rezonka a Maradi?

A fadojin samari na Zariya, Ali Ɗan Sofo ko Bagalam, musun da ba ya ƙarewa a gaban butar shayi shi ne na wa ya fi wa iya harbi. Wannan ya miƙo waya ya nuna K/D ɗinsa na 4, wancan ya ce shi ya taka matakin Heroic na Free Fire tun satin farko, na uku ya ce duk wanda bai ga matakin Ace na PUBG Mobile ba yaro ne. Abin da ke sa musun ya ƙi mutuwa shi ne kowanne da mudun da yake awo da shi. Wasannin nan uku ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba, kuma kowane lissafi akwai halin da yake saka wa, akwai wanda yake hukuntawa. Kafin ka zuba watanni biyu da kuɗin forfe wajen hawan mataki, gara ka san abin da na'urar take ƙirga maka, ka auna shi da ƙarfin wayarka, da rezon unguwarku, da lokacin da kake da shi.

A fara da lambar da aka fi yin alfahari da ita. K/D a asalinsa kisa ne a raba da mutuwa. Amma tun 2020 PUBG Mobile ya canza lissafin, ya koma raba kisa da yawan wasannin da ka buga. Ɗauki wanda ya yi kisa 300 cikin wasa 100, ya ci 20 daga ciki bai mutu ba. Da tsohon lissafi, 300 a raba da 80, ya tashi da 3.75. Da sabon lissafi 3.0 ne cif. An yi haka ne don rufe ƙofar masu kwanciya cikin ciyawa su tsira da rai lambarsu ta kumbura. Saboda haka K/D na PUBG Mobile ba a jera shi da na Call of Duty Mobile, inda a yawancin wasannin biyar da biyar kana mutuwa ka dawo nan take, sau goma ko fiye a wasa guda. Wanda ke riƙe da 1.5 a can yana iya fin mai 3 a nan hannu.

Akwai kuma matsalar bot, wato ƴan wasan bogi da kwamfuta ke tuƙawa. Dukkan wasannin uku suna zuba su da yawa a ƙananan matakai don sabon shiga ya ɗanɗana nasara. Za ka gane su: suna tafe kai tsaye ba laɓewa, su tsaya a fili suna harbi gefe, ka kashe su ka tarar da kaya kaɗan a jikinsu. Mutumin da ya buɗe sabon asusu ya buga wasa 30 a matakin Tagulla da Azurfa zai iya nuna maka K/D na 6, alhali rabin abin da ya kashe ba mutane ba ne. Duk lokacin da aka nuna maka wannan lamba, tambayoyi biyu ne ke fito da gaskiyarta: a wane mataki aka tara ta, kuma cikin wasa nawa? Ƙasa da wasa 100, kada ka gina hukunci a kanta.

Tushen tsare-tsaren mataki da yawa lissafi ne da Arpad Elo, malamin kimiyyar fiziks ɗan asalin Hangari mazaunin Amurka, ya tsara wa wasan dara na ces, wanda hukumar wasan ta duniya ta karɓa a 1970. Dabararsa ita ce ba nasara kawai ake dubawa ba, ana duba wa ka doke. Idan ka fi abokin karawarka da maki 200, lissafin yana sa ran ka ci kusan kashi 76 cikin ɗari. A ce abin da ake cacar sa a wasa guda maki 32 ne: ku biyu daidai, mai ci ya samu 16, mai faɗuwa ya rasa 16. Amma idan kai ne ke sama da 200, ka ci a ba ka 8, ka faɗi a cire maka 24. Wasannin harbi sun ɗora nasu ƙarin a kan wannan, kowane kamfani ya riƙe cikakken lissafinsa a ɓoye, sai dai halin ɗaya ne: kana hawa, riba na raguwa, asara na ƙaruwa. Wanda ya ce wasan ya tsane shi tun da ya shiga matakin Lu'ulu'u, wannan ne ya same shi.

PUBG Mobile, wanda ya fito a duniya a watan Maris na 2018, shi ne mai saka wa haƙuri. Mutum 100 ne ke sauka daga jirgi a Erangel, fili mai kilomita 8 tsawo 8 faɗi, kuma wasan da ka kai ƙarshensa yana cin kusan rabin awa. Matakan suna tafiya daga Tagulla, Azurfa, Zinariya, Platinum, Lu'ulu'u, Kambi, zuwa Ace a maki 4200, kuma daga Azurfa zuwa Kambi kowane mataki gida biyar ne, kowane gida maki 100. Conqueror, matakin ƙoli, ba adadin maki ba ne da za ka kai ka huta, kujera ce ta mutum 500 na sama a sabar da kake, wato yankin duniya da kake wasa a kansa, ana iya ture ka daga jerin kana barci. Makin da ake ba ka bayan kowane wasa haɗin biyu ne, na daɗewa da rai da na kisa, kuma na daɗewar ya fi nauyi. Shi ya sa wanda ya sauka Pochinki, garin da ake cunkoso a tsakiyar Erangel, ya kashe uku ya mutu a minti na biyu yake fita da ragi a Kambi, wanda ya sauka can gefen taswira, ya samu mota, ya bi da'irar da ke ta matse filin wasa sannu a hankali ya shiga goman ƙarshe da kisa ɗaya yake fita da ƙari. Sannan matakinka na kaɗaici daban, na ƴan biyu daban, na ƴan huɗu daban, haka ma kallon bayan ɗan wasa da kallon idonsa kowanne da nasa. Mai rarraba kansa gida shida ba zai yi nisa a ko ɗaya ba.

Anan ne gizo ke saƙa ga ɗan Maradi. Tsarin da ke biyan ka don ka daɗe da rai yana buƙatar rabin awa ba yankewa: rezo tsaye, batir da sauransa, waya ba ta yi zafi ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙaramar waya takan rage wa kanta gudu bayan minti goma sha biyar don kada ta ƙone, daidai lokacin da da'ira ta matse, hayaƙi da gurneti suka cika allo. Hoton da ke tafiya sumul sai ya koma tsalle-tsalle. Idan kuma aka ɗauke kuran, wanda ke kan wayfai ya faɗo kan rezon waya, daƙiƙu goma na sake haɗuwa sun isa a kashe shi yana tsaye kamar gunki. Minti 25 na taka-tsantsan sun tafi a banza. Kuma wasan Erangel ba ya shiga tsakanin Magariba da Isha'i cikin natsuwa. Ka fita a tsakiya ka bar abokanka uku da giɓi, kai ma ka ci ragi. Maganin da ya fi kusa shi ne Livik, taswira mai kilomita 2 da 2, mutum 52, kusan minti 15. Abin da ke cikinta na riba bai kai na babbar taswira ba, amma abin da za ka yi asara idan rezo ya ci amanarka shi ma kaɗan ne.

Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya fito a 2017, an gina shi tun farko don ƙananan wayoyi, kuma wannan ne ya sa ya cika hannun yara da samari a garin nan. Mutum 50, wasa kusan minti goma. Lissafin babban filinsa ɗan'uwan na PUBG Mobile ne, matsayin da ka ƙare da kisan da ka yi, daga Tagulla har Heroic, Master da Grandmaster. Bambancin shi ne gajartar wasan tana rarraba haɗari. Cikin awa ɗaya za ka buga biyar, idan rezo ya lalata ɗaya, huɗu suna iya cike ramin. A Erangel awa ɗaya wasa biyu ne, ɗaya ya lalace rabin darenka ya tafi.

Amma abin da ya fi dacewa a duba a Free Fire shi ne Clash Squad, huɗu da huɗu, wanda ya fara cin zagaye huɗu cikin bakwai ya yi nasara. Nan ba maki ake tarawa ba, taurari ne: ku ci a ƙara, ku faɗi a cire. Lissafi ne da ba ya ɓoye komai, kuma ba ya ba mai laɓewa mafaka, domin filin ƙarami ne. A farkon kowane zagaye ana sayen makami da kuɗin da aka tara a zagayen baya, don haka wanda ya ƙone kuɗinsa a zagaye na biyu kan bindigar da bai iya ba, ya shiga na uku ba rigar kariya ba katangar ƙanƙara, ya jawo wa tawagarsa. Rauninsa shi ne makomarka na hannun mutum uku. Ka shiga da baƙi, ɗaya ya ajiye waya aka aike shi kanti, tauraronka ya tafi ko da kai ka yi kisa takwas. Clash Squad na mai abokai uku ne tsayayyu, gara ma a ce kuna zaune a tabarma ɗaya kuna jin muryar juna ba ta waya ba.

Wani abu da ya kamata a faɗa a fili game da Free Fire: jarumai suna da baiwa daban-daban, wasu fentin bindiga kuma suna ƙara mata ƙarfi ko saurin harbi. Ke nan alƙaluman mutum biyu ba sa auna hannu zalla, akwai ɗan rabon aljihu a ciki. A PUBG Mobile kayan ado ado ne kawai, bindigar mai jaka hamsin da ta wanda bai kashe ko dala ba lahani ɗaya suke yi.

Call of Duty Mobile, na 1 ga Oktoba 2019, shi ne ya fi su raba aiki da suna. Yana da babban fili na mutum 100 da matakinsa daban, amma zuciyarsa biyar da biyar ce, daga Rookie, Veteran, Elite, Pro, Master, Grand Master zuwa Legendary. Abin da ya fi nauyi a makin mataki shi ne ko tawagarku ta ci, sannan a ɗora ƙoƙarinka a kai. A salon wasan Hardpoint ana ba tawaga maki ɗaya kowace daƙiƙa da take riƙe da wurin da aka ayyana, idan abokin gaba ya sa ƙafa ciki lissafi ya tsaya wa kowa. Sai ka ga mai kisa 35 yana yawo bayan gida yana farautar mutane, daƙiƙunsa a wurin ba su kai goma ba, wani mai kisa 14 ya mutu sau 20 yana riƙe da wuri minti ɗaya da rabi. Na biyun ne ya ci wasan, allon ƙarshe kuma yakan ɗaga na farkon. Haka batun harsashin ƙarshe: ka cinye kusan duk ran mutum, abokinka ya zo ya ɗiga masa ɗaya, kisa nasa, kai a rubuta maka taimako. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A salon Search and Destroy kuwa, inda tawaga ɗaya ke dasa bam ɗayar tana hanawa, rai ɗaya ne a zagaye, kisan farko da dasa bam sun fi tarin kisa bayan zagaye ya riga ya lalace.

Wannan wasa shi ne mafi rashin yafiya ga jinkirin rezo, abin da ƴan wasa ke kira fing, ana auna shi da kashi dubu na daƙiƙa. Lissafin mai sauƙi ne: mutumin da ke gudun mita 5 a daƙiƙa, idan fing ɗinka 200 ne, ya riga ya matsa mita guda kafin labarin ya je ya dawo. A babban fili kana iya rufe wannan da wayo, ka zaɓi tudu, ka harbi daga nesa, ka guji karo a ɗaki. A biyar da biyar kusan kowane karo gaba da gaba ne, ana gama shi cikin ƙasa da daƙiƙa. Kuma ba girman lambar kaɗai ke kisa ba, rawar ta ce: fing 120 da ke zaune wuri ɗaya hannu yana sabawa da shi, wanda ke tsalle daga 70 zuwa 300 ba ya saɓuwa. Kafin ka zaɓa, buga wasa goma marasa mataki a wurin da ka saba zama, a lokacin da ka saba wasa, idonka kan lambar da ke gefen allo. Sau da yawa abin da za ka gani da ƙarfe tara na dare, lokacin da kowa ke kan TikTok da WhatsApp, ba shi za ka gani bayan Asuba ba.

To, a taƙaice wa ya kamata ya ɗauki wane? Mai waya ta RAM giga 2 ko 3, rezo mai rawa, lokaci gutsi-gutsi tsakanin lakwal ko kasuwa: Free Fire, kuma Clash Squad idan yana da tawaga. Mai waya mai ƙarfi, da batirin ajiya, da awa biyu a jere ba mai kiransa, wanda kuma natsuwa ta fi masa saurin yatsa: PUBG Mobile, ya tsaya kan nau'i ɗaya. Wanda gwajin wasa goma ya nuna masa fing ƙasa da 100 a zaune, yana son lambarsa ta nuna hannu tsantsa: Call of Duty Mobile. Mu a ganinmu mafi yawan masu wasa a garin nan suna rukunin farko, kuma babu abin kunya a ciki. Mai PUBG Mobile ya lura da abu ɗaya: ka canza sabar, sai ka jira wani lokaci kafin ka sake canzawa, don haka a gwada kafin a danna.

Wajen zaɓen abokin tawaga kuwa, akwai darasi a wasannin kwamfuta, ko da ba kowa ke da injin buga su ba. Masu bin Counter-Strike sun daɗe da rage dogaro da K/D. Suna duba matsakaicin lahani a zagaye: kowane ɗan wasa rai 100 gare shi, don haka mai matsakaicin 100 yana cinye mutum guda cur kowane zagaye, ko wa ya samu harsashin ƙarshe. Valorant na kamfanin Riot ya ƙara wani abu: kisan farko, lokacin da abokan gaba biyar ke raye, maki 150 ne, sai 130, 110, 90, na ƙarshe 70. Wato wanda ya buɗe ƙofa ya fi wanda ya share ɗaki. Ɗauki wannan ido ka buɗe shafin alƙaluman wanda ke neman shiga tawagarku. Raba jimillar lahaninsa da yawan wasanninsa. Duba sau nawa cikin ɗari yake shiga goman ƙarshe. Mai kisa da yawa da lahani kaɗan mai tsintar na wasu ne. Mai yawan shiga goman ƙarshe da lahani kaɗan mai laɓewa ne, ranar da aka ritsa ku a gida ba zai fitar da ku ba. Kason harbin kai kuma kada ya ruɗe ka, mai bindigar nesa dole nasa ya fi na mai shiga ɗaki, aikinsu ne ya bambanta. Wanda matakinsa ya yi sama amma alƙaluman wannan zango suka faɗi warwas, wataƙila sayen asusun ya yi ko wani ya hau masa. Masu sa manhajar maguɗi kuwa, PUBG Mobile yana rufe asusu har shekara 10, kuma wanda ya saba shiga tawaga da su yana jefa nasa makin cikin haɗari.

Saura masu shirya gasa a unguwa, a hutun lakwal ko bayan Sallah, waɗanda su ne za su zaɓi teburin maki da hannunsu. Manyan gasannin Free Fire na tawaga 12 suna ba da 12, 9, 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2, 1, na sha ɗaya da na sha biyu ba komai, kowane kisa maki ɗaya. Na PUBG Mobile, tawaga 16, tun 2023 suna ba da 10, 6, 5, 4, 3, 2, 1, 1, daga na tara zuwa ƙasa sifili, kisa maki ɗaya. Kafin nan na ɗaya 15 yake samu, na biyu 12, na uku 10, na bakwai 2. A tara a gani: teburin Free Fire yana raba makin matsayi 57 a wasa, kisan da za a iya yi kuma kusan 44 ne idan ba a tayar da matattu ba. Na PUBG Mobile makin matsayi 32 ne kacal a gaban kisa kusan 60. Na farko ya fi karkata ga mai tsira, na biyu ga mai farmaki.

Ga yadda tebur ke canza zakara. Tawaga ta ɗaya ta zo ta biyu a wasa huɗu a jere da kisa biyu-biyu. Ta biyu ta zo ta bakwai duk sau huɗun da kisa takwas-takwas. Da tsohon teburin PUBG Mobile, ta ɗaya 56, ta biyu 40. Da sabon tebur, ta ɗaya 32, ta biyu 36. Wasa ɗaya, harbi ɗaya, kofin ya canza gida. Idan ƴan gasar sababbi ne, wayoyinsu ba ɗaya ba, teburi mai faɗi irin na Free Fire ya fi, domin na takwas ma yana tafiya da 3, ba wanda zai karaya ya tashi bayan wasa na biyu. Idan gwanaye ne kuma akwai ƴan kallo, mai tsauri ya fi, yana hana tawaga goma su kwanta a ciyawa har da'ira ta biyar.

Kada gasa ta gaza wasa huɗu, shida ya fi, domin a wasa ɗaya ko biyu sa'ar inda da'ira ta faɗa ce ke yanke hukunci. A ɗakin Free Fire na musamman a kashe ƙarin ƙarfin fentin bindiga don mai kuɗi da marar kuɗi su tsaya daidai. A rubuta a takarda tun kafin a fara abin da zai raba kunnen doki, yawan nasara tukuna sannan yawan kisa, da abin da za a yi idan rezon wani ya yanke: a sake wasan in ya faru kafin jirgi ya tashi, in an sauka kuwa an wuce wurin. Kowane shugaban tawaga ya ɗauki hoton allon sakamako ya tura wa alƙali kafin a buɗe ɗaki na gaba, alƙalin kuma ya kasance ba ya cikin masu wasa. Kyautar ta fito daga hannun wani mai tallafi, mai shagon waya ko babban yaya a unguwa, ba daga kuɗin da ƴan wasa suka zuba ba, don kada abin ya koma caca iyaye su hana yaransu zuwa. A tanadi wurin cajin waya da zai ɗauki kowa tsakanin wasa na uku da na huɗu, a kuma tsara jadawalin yadda hutun zai faɗo kan lokacin sallah.